Allon da Ba Ya Barci

An tsinci gawar Gwamna ba kai.

Kada hankalinku ya tashi, Gwamna ba mutum ba ne, ko da yake a Pruitt Fork akwai waɗanda in sun mutu ba za a yi musu rabin kukan da aka yi masa ba. Ragon dutse ne, tsoho, mai ƙahonin da suka naɗe suka zagayo har gefen idonsa. Hotonsa ne a rigar 'yan ƙwallon makarantarmu. Duk bazara yakan sauko kan tsaunin bayan coci ya tsaya yana kallonmu kamar mai jiran gaisuwa. In sanyi ya matso sai ya ɓace cikin duwatsu, doka ta hana a taɓa shi, kuma ba wanda ya san maɓoyarsa.

Sai mutum ɗaya. Marisol Quintana, ma'aikaciyar hukumar namun daji, ita ta ɗaura masa abin wuya mai na'ura, ita kaɗai ke ganin ɗigonsa a taswira. Baƙuwa ce daga kudu, kuma a gidana take haya tun bayan rasuwar mijina Lyle. Yarinyar ta shiga raina fiye da yadda na yi niyya. Ban taɓa haihuwa ba, sai ga wadda ke tambayata ko na sha maganin hawan jinina.

Kafin rana ta yi tsaka gari ya ɗauka. A gidan abincin Main Street na shiga sayen burodi, na tarar an riga an yanke hukunci.

"'Yar gwamnatin nan ce ta sayar da shi."

"To wa ya san inda yake in ba ita ba?"

"Bernice, ki riƙa ƙirga cokulanki, wallahi."

Na ce wa mai maganar cokulana sun fi aminci a hannunta da a nasa, na fice ban ɗauki burodin ba. Amma hukumar ma ta bi sahun gari. Suka dakatar da ita, suka karɓe ƙaramar kwamfutarta ta aiki, suka ce in ba a samu wani bayani ba, aikin ya tafi kuma kotu na jira. Ranar ko abinci ba ta taɓa ba. Ƙanena Wendell, wanda ke cin abincin yamma a gidana tun da ya san hanyar bakinsa, shi ya tura mata faranti gabanta.

"Ki ci, ƙanwata. Gaskiya za ta fito," in ji shi. Na ji daɗin maganar har na ƙara masa nama.

*

Hukumar ta ɗauko Orval Beaudry. Orval mai bin sawu ne, shi ake kira in mai hawan dutse ya ɓata ko saniya ta yi batan dabo. Ajinmu ɗaya a firamare, kuma tun lokacin magana ke yi masa wuya kamar da kuɗi yake sayenta. Da ya ce zai hau wurin da abin ya faru, na ce ƙafata ƙafarsa.

"Bernie, gwiwoyinki fa?"

"Naka ne suka tsufa."

Muka hau dawaki har inda hanya ta ƙare, sauran muka taka. Kwazazzabo ne ɓoyayye a bayan tsauni, na girma a garin nan ban taɓa sanin da shi ba. Dusar ƙanƙara ta farko ta zuba siririya, ta riƙe sawu kamar an ajiye mana. Orval ya daɗe a tsugune kafin ya buɗe baki.

"Mutum ɗaya ne. Mai jiki. Takalminsa sabo, kuma ya ci masa dunduniya, dubi yadda yake jan ta hagu."

"Maharbi ne?"

"Maharbi yawo yake yi. Ya duba nan, ya shinshina can, ya koma baya. Wannan miƙewa ya yi kamar mai zuwa shago." Ya nuna mini wani wuri da sawun ya haɗe ƙafafu biyu. "Nan ya tsaya. Can ma. Ba dutse yake kallo ba, da ya juya jiki. Wani abu yake dubawa a hannunsa."

Ban so ganin gawar ba, amma na gani. An bar naman duka ya lalace, an yanke abin wuyan an jefar, wuyan kuma an sassare shi kaca-kaca. Orval ya cire hularsa ya riƙe. Ni kuwa na ga abin da ya gano bai wanke Marisol ba, ƙara ɗaure ta ya yi. Wani ya ba mutumin nan wurin, daidai wa daida.

*

Wanda kowa ya fara zargi bayan Marisol shi ne Hoyt Kessler, don an ga motarsa a gindin tsaunin. Hoyt ya sha kamu a kan farautar sata, kuma ba ya jin kunyar hakan. Muka same shi yana feɗe barewa a bayan gidansa.

"Orval! Ka zo da 'yar sanda ne? Bernice, kin yi kyau da bincike."

"Me ka je yi gindin tsauni?" in ji Orval.

"Shan iska."

"Da bindiga?"

"Iskar wurin ce mai haɗari." Ya yi dariya, ya ga ba mu taya shi ba, sai ya nuna barewar da wuƙa. "To, ga abin da na je yi. Ka rubuta, na saba. Amma Gwamna? Ni da na yi shekaru ina mafarkinsa, in na same shi zan bar naman ya ruɓe? Uwata ma sai ta taso daga kabari ta mare ni. An ce wuyan kamar an sa gatari. Dubi nan." Ya ja wuƙar sau ɗaya, fata ta rabu sumul. "Wanda ya yi wancan aika-aika ko kaza bai taɓa yankawa ba."

Orval ya kalli takalman Hoyt, tsofaffi har sun buɗe baki. Muka tafi. Raina bai so ba, don da Hoyt ne da kowa ya huta.

*

Sai Garrick Thorne, mai masaukin maharba a bakin tafki, wanda attajiran birni ke sauka wurinsa. An ga ya kai Marisol cin abinci, kuma a garinmu wannan ya isa shaida. Ya tarbe mu a falonsa mai cike da kawunan dabbobi, duk suna kallonmu da idon gilashi.

"Na tambaye ta, ban musa ba," in ji shi. "Na ce ta nuna mini kwazazzabon kawai, baƙina su ɗauki hoto. Ka san me ta yi? Ta tashi ta bar ni da faranti biyu, mutane na kallo. Yarinyar nan taurin kai gare ta kamar alfadari."

"Shi ne ka nemi wata hanya," na ce.

"Madam Halvorsen, da ina da wata hanya da ban sha kunyar nan ba." Ya ɗaga ƙafarsa ta dama, tana cikin filasta tun faɗuwar da ya yi daga kan doki. "Da wannan zan hau?"

A mota na ce wa Orval ai yana iya tura wani. Ya ce yana iya. Sannan ya ce, "Amma in ta hana shi a gaban mutane, ta ina ya samu?"

*

Orval ya ce a nuna masa inda take duba taswirar. A ɗakin cin abinci ne, kan teburin Lyle. Tsohuwar kwamfutarsa na nan, irin wadda allo da inji suke haɗe a jiki ɗaya, faffaɗa kamar tire. Bayan rasuwarsa na kasa bayar da ita. Da Marisol ta yi ƙorafin allonta ya yi ƙanƙanta ga taswira, ni na ce ga ta Lyle nan tana shan ƙura, Wendell zai mayar mata da ita allo. Shi ke gyaran kwamfutocin garin nan kaf.

"Na gaya masa dokar ofis," in ji Marisol, muryarta a dishe. "Wurin dabbobin ba ya shiga wata na'ura, ba ya bin intanet ɗin kowa. Ya ce ba matsala, ya kashe mata ƙwaƙwalwa, allo ne kawai yanzu. Hoto ya bi kebul ya fito, shi ke nan."

Orval ba ya jin yaren kwamfuta, wayarsa ma mai murfi ce. Ya dai bi kebul ɗin da yatsa tun daga bakinsa har bayan allon. A can ya ci karo da magena, Biscuit, ta naɗe a lungun bango tana barci. Ta buɗe ido ɗaya ta harare shi.

"Nan take kwana?"

"Ba ta da wurin da ya fi nan," na ce. "Ɗumi take bi. Kullum sai ta ture kebul ɗin ya fita, in na zo shara in mayar."

Ya ɗora tafin hannunsa a bayan allon. Allon baƙi ƙirin, kwamfutar Marisol na can a kulle a ofis, amma ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Ya kara kunnensa kamar mai sauraron ƙirjin doki.

"In magen ta cire shi, ke Marisol, aikinki na tsayawa?"

"Ban taɓa lura ya fita ba."

"Uhm," in ji Orval. Ya sa hularsa. A bakin ƙofa ya ce in yi kek ranar Lahadi bayan coci, zai gayyato mutane, kuma in tabbatar Wendell ya zo don shi ya san kan na'urar. Na ce Wendell da abincin Lahadi ai ba sai an aika masa ba.

*

Suka hallara. Hoyt ya zo da rigar da yake zuwa jana'iza da ita, Garrick da sandarsa, Marisol a ƙarshen tebur kamar wadda za a yi wa aski. Wendell ya shigo da silifas a cikin wannan sanyi, ya ce ƙafa ce ke damunsa, ya zauna kusa da kek. Mataimakin sherif, ɗan sandan gundumarmu, ya tsaya a jikin ƙofar kicin yana shan kofi.

Orval ya aro kwamfutar Marisol daga ofis. Ya ce ta haɗa yadda ta saba. Ta buɗe, ta soka kebul, taswirar duwatsu ta bayyana a kan allon Lyle, fes.

"Wendell, ta ina hoton nan yake bi?"

"Ta kebul mana," in ji Wendell da baki cike. "Ko yaron goye ya san wannan."

Orval ya miƙa hannu ya zare kebul ɗin, ya ɗaga shi sama kamar wanda ya kamo maciji. Taswirar ba ta ko ƙifta ba.

"Kai!" in ji Hoyt. "Tsafi kuma?"

Marisol ce ta fara ganewa. Ta miƙe a hankali, ta zagaya bayan allon, ta duba ramin da kebul ɗin ke shiga. Fuskarta ta canza.

"Wannan ramin ba ya karɓar hoto. Fitarwa yake yi." Ta juyo. "Ta intanet ɗin gidan nan hoton yake zuwa. Ba a kashe mata komai ba. Kwamfuta ce sukutum, a kunne, tana karɓar duk abin da na buɗe."

"Shi ya sa take da ɗumi ko ba kowa," in ji Orval.

Wendell ya haɗiye kek ɗin da ƙyar. "To, na yi dabara ne. Tsohuwar na'ura ce, ba ta da ramin shiga. Na sa kebul ɗin ne don hankalinta ya kwanta, ka san mata da tsoron fasaha. Laifi ne? Hoton bai fita daga gidan nan ba. Sai wanda ya zauna a kujerar nan zai gani, kuma mun san mai zama."

Ya faɗi haka yana kallon Marisol. A teburina, da kek ɗina a hannunsa.

Orval ya juya hularsa a gwiwa. "Ni ban san komai a kan abin nan ba, shi ya sa nake tambaya. Akwai yadda mutum zai leƙa cikinta daga wani wuri?"

"Babu," in ji Wendell.

Ni kuwa na san akwai. Lokacin jinyar Lyle, in kwamfutar ta rikice, waya kawai nake yi wa Wendell. Sai ya ce, "Yaya, ɗauke hannunki," in ga 'yar kibiyar nan tana yawo a allo ita kaɗai, tana buɗe wannan tana rufe wancan, shi yana kwance a gidansa. Lyle har dariya yake yi ya ce fatalwa ta zo aiki. Lyle ya tafi. Duk duniya ni kaɗai na rage da na san wannan, ni da mai kibiyar.

Na kalli silifas ɗinsa. Dunduniyar hagu a naɗe take da bandeji. Na ɗago, sai na tarar yana kallona. Na san kallon. Shi ne wanda yake yi mini tun yana ɗan shekara bakwai, bayan mutuwar mamanmu, in ya fasa tagar wani ya rugo ya ɓuya a bayana. Ni na yi masa wanka, ni na kai shi makaranta, ni na rama masa duk lokacin da yaran maharba suka kira shi ɗan daudun kwamfuta. Kallon yana cewa in yi shiru kawai, ba sai na yi ƙarya ba. In na yi shiru, Marisol ta tafi kotu.

"Akwai," na ce. "Wendell yana shiga cikinta daga gidansa. Na sha gani da idona."

"Yaya!"

"Kada ka kira ni."

Mataimakin sherif ya ajiye kofinsa. Wendell ya dubi Hoyt, ya dubi Garrick, sai abin da ban taɓa zato ba ya faru: ya ɗaga kafaɗa, har da ɗan murmushi.

"Ku duka kun neme shi shekara da shekaru," in ji shi. "Kai Hoyt, da duk cika bakinka. Kai da attajiranka. Ni na same shi. Ni, wanda ba a taɓa gayyata farauta ba sai dai a ce in zo in gyara firinta. Kansa na nan a ƙasan gidana, ku je ku ga ƙahonin. Harbi ɗaya."

"Ba ɗaya ba ne," in ji Orval a hankali. "A tumbi ka fara samunsa. Ya ja jiki mai nisa, kana biye da shi."

Hoyt ya tashi ya fita waje, muka ji ya tofar da yawu a kan ƙanƙara.

Na ɗauka an gama. Sai Marisol ta yi magana, idonta a kan allon.

"Tun yaushe kake kallo?"

Wendell ya kau da kai. Ta ci gaba.

"Tun ranar da ka haɗa? A nan nake kiran mahaifiyata a asibiti. A nan na yi magana da likitana. A nan nake zama in na fito daga wanka, don ba kowa a gidan sai Bernice." Ta nuna ɗan ɗigon kyamara da ke saman allon, wanda ban taɓa lura da shi ba. "Wannan ma a kunne yake?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya ce a'a, ko ƙarya ce, da na so in ji.

*

Da za su sa shi a mota ya juyo ya ce, "Yaya, za ki biyo mu ai? Ki zo da maganina da rigar sanyi." Haka ya faɗa, kamar mai tafiya asibiti. Bai taɓa shiga wata matsala ya juya bai gan ni a bayansa ba, don haka bai ma kawo a ransa ba. Na rufe ƙofa.

Hukumar ta mayar da Marisol bakin aiki. A gidan abinci waɗanda suka ce in ƙirga cokula suka koma cewa dama su ba su yarda ba, kuma in na shiga sai hira ta mutu. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, ba fushi ya ɗebi Wendell ba, ba kuskure ba ne. Ya zauna ya nemo kebul ɗin banza, ya soka shi a kwamfutar mijina, ya dubi idona ya ce an gama. Ni kuma na juya na ce wa yarinyar mutane, "Ki saki jiki, ni na raine shi."

Wata safiya na tarar da Marisol tana ɗaure akwatuna a bayan motarta. Ta samu ɗaki a garin gaba, za ta riƙa tuƙowa.

"Ba ke ba ce, Bernice. Kin san ba ke ba ce. Kin yi mini abin da ba kowa zai yi ba."

"To ki zauna. Na fitar da kwamfutar, tana gareji. In kin ce in fasa ta da guduma, yanzu zan fasa."

"Na gwada jiya. Na zauna a ɗakina na kasa cire ko rigar sanyi." Ta rungume ni, ta daɗe, sannan ta ce, "Ki riƙa shan maganinki."

Na tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana. Da yamma hannuna ya ɗauko faranti uku daga kabad kamar kullum. Na mayar da biyu.